Ƙahon Ɓauna a Hawa na Uku

Baba ya sauka Alƙahira a damina ta 2013, ina shekara ta uku a karatu, da cutar yana a idanu biyu da kuma buri guda a ransa. Maharbi ne tun ban san kaina ba. Ya ce shekaru ke nan yana shiga dajin garinmu yana fitowa hannu rabbana, kuma ya gano dalili: idonsa ne ya mutu. Gwanki na nan, ɓauna na nan, shi ne ba ya ganinsu. Da zarar likita ya kankare yanar, zai koma ya kayar da gwanki ɗaya mai ƙahon da za a daɗe ana labari, sannan ya rataye bindiga. Inna kuwa ta ja mini kunne a waya, ta ce kada in bari tsohon nan ya dawo mata da wannan zance, don ba ta shirya takaba ba.

Ranar da aka cire masa bandeji, murna kamar ya yi rawa a titi. Tun daga asibiti har gidanmu a unguwar Hayyin Ashir yana nuna mini abubuwa, wai ga kyanwa can a kan katanga, ga tattabarai a soron wancan bene. Ni ma daɗi ya kama ni har na manta da saƙon Inna.

Mai gadin gidanmu ne ya kai labari hawa na uku, cewa ɗan Nijeriya ya kawo ubansa maharbi. A can wani dattijo Bamisire yake zaune, tsohon injiniya da ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a Sudan. Ya aiko mu hau shan shayi bayan la'asar. Da aka buɗe ƙofa Baba ya ja birki. Bangon falon nan kawunan namun daji ne reras, an cusa musu ciyawa an sa musu idon gilashi: barewa, kanki, gwanki, a tsakiya kuma wata ƙatuwar ɓauna. Baba ya shiga bin su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu kirari da ƙarfi, maigidan yana binsa yana tafi yana cewa tamam, tamam, alhali ko kalma ɗaya bai ji ba.

Ni aka naɗa tafinta, kuma ban taɓa yin aikin da ya sa ni zufa irin wannan ba, don ƙarya ce ke shigowa ta kunnen dama da Larabci ta fita da Hausa, wata ta shigo ta hagu da Hausa ta fita da Larabci. Maigidan ya ce ɓaunar nan ita ce mafi girman ƙaho da aka harbe a duk yankin, Turawa ma sun auna sun shaida. Ya kawo hoto: shi a tsugune, ɓaunar a gabansa kamar tudu. Baba ya kara hoton kusa da sabon idonsa ya kwashe da dariya. Ya ce in tambayi Alhaji nisan da ya ja da baya kafin a ɗauka, don mutum ba ya zama ƙanƙane haka sai in ya matsa can nesa. Ya kuma ce in tambaye shi wa ya zaga daji ya auna sauran ɓaunayen, har da waɗanda zaki ya cinye. Na rage wa maganar kaifi na fassara. Dattijon ya yi dariya har da hawaye, ya ce to, ya ɗan matsa kaɗan.

Sai Baba ya kawo tasa ɓaunar, wadda na tashi ina jin labarinta. A yarintata ƙahonta bai wuce kamu biyu ba, amma ran nan ya ware hannuwa iya ƙarfinsa har ya kusa ture fitila. Maigidan ya ɗauko tef irin na tela ya auna tsakanin hannuwan, ya kai bango ya gwada, sai ga ɓaunar Baba ta ninka tasa. Na ce wa Baba anya kuwa. Ya ce in yi aikina in bar manya su yi nasu.

Wajen nama suka saɓa. Baba ya tambayi wa ya ci naman wannan ɓauna, maigidan ya ce kai kawai suka yanke, sauran suka bar wa kuraye. Fara'ar Baba ta ragu. Ya ce a wajenmu ba a harbin mace mai ɗa, ba a yi wa dabba kwanto a bakin ruwa, abin da ka kayar kuma sai gari ya ci, har kan ma farfesu ake yi da shi, shi ya sa ba shi da ko ƙaho ɗaya da zai nuna. Wannan kam na fassara ta yadda take. Dattijon ya jinjina kai ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ƙuruciya ce. Ya ƙara da cewa bayan ya yi ritaya ya koma wancan dajin da abokansa, suka yi ta yawo a mota, ko barewa ɗaya ba su gani ba.

Baba ya ajiye kofinsa. "Tambaye shi, lokacin idonsa lafiya?"

Na tambaya. Dattijon ya ce ras, har yau ko tabarau ba ya sawa.

Muka yi sallama cikin raha, har da alkawarin sake hawowa. Amma a matakala Baba bai nuna mini komai ba. Sai da muka kai ƙofar ɗakinmu ya tsaya, ya shafa idon da aka gyara masa, ya dube ni sosai.

"Ashe ba idona ba ne," in ji shi. "Kira mini uwarka."