Ranar da Baba Ya Cire Hularsa

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce, wasu ma sai an tuna min, amma wannan ko haƙorana sun zube ba zai fita daga raina ba.

Wata safiya ce a Birnin Kudu, lokacin jihar Jigawa tana sabuwa, ni ma ban daɗe da gama sakandare na yi aure ba. Na yi wa ɗan farina wanka, yana da shekara biyu da wani abu, na ɗauko rigar sallarsa zan sa masa, sai wuyan rigar ya ƙi wuce kansa. Na ja, na karkata, ya ƙi. Kafaɗa ba ta matse shi ba, hannun rigar ma ya yi masa tsawo, kan ne kawai. Sai da na sa reza na tsaga wuyan. Ina tsugune a gabansa na kira shi, bai waigo ba, yana ta juya murfin kwano a ƙasa kamar yadda yakan wuni yana yi. Sa'anninsa na maƙwabta sun cika gida da surutu, shi ko kalma ɗaya bai taɓa furtawa ba.

Na yi kuskuren gaya wa wata maƙwabciyata. Nan take ta ba ni labarin wani yaro a Yalwan Damai da ruwa ya taru a kansa, kan ya yi ta kumbura har ya kasa ɗaga shi, a ƙarshe ya rasu. Daga ranar abinci ya daina wuce min. Da maigidana ya dawo daga Kano, da yake direban bas ne, ya ga yadda na koma, sai ya ce mu je asibiti.

Likitan ya ɗauko awo irin na tela ya zagaya kan yaron, yaron kuwa yana ihu yana bankarewa, don ba ya son a taɓa shi. Ya ce lallai kan ya fi na shekarunsa girma, kuma abu biyu ne. Ko dai ruwa ne yake taruwa, wanda sai an kai shi Kano an yi hoto, wataƙila har a yi masa aiki, ko kuma gado ne, haka kawunan danginsa suke. Ya auna kan maigidana, ya ce daidai yake da na kowa. Ni ma na kwance ɗankwali ya auna, ya ce nawa ya ɗan ɗara, amma bai isa ya yanke hukunci da shi ba. Ya tambaye ni wa na gado. Na ce mutane na cewa mahaifina. Sai ya ce mu dawo bayan 'yan makonni ya ga ko kan ya ƙaru, in da hali kuma mu zo da mahaifin nawa.

Wanda bai san Babanmu ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Manomi ne a Basirka, mutum ne mai kwarjini da ba ya maimaita magana. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kansa a buɗe ba, kullum da hula, ranar Juma'a da rawani a kai. Ga kuma kunyar ɗan fari. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban iyayenta, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Yaya zan je in ce wa Baba na zo ne saboda yaron nan?

Haka na goya shi, na hau bas zuwa Gwaram, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da mu. Inna na fara gaya wa, a madafa. Ta yi dariya ta ce ai kan Malam sananne ne, hular kasuwa ba ta shigarsa, a sama take tsayawa kamar murfin tulu, shi ya sa sai dai a saƙa masa tasa. Ta ce ƙanwarsa ma, gwaggonmu, haka take. Zuciyata ta ɗan yi sanyi. Amma da na ce likita yana son ya auna shi da kansa, sai dariyar ta ɗauke. Ta ce Malam ko tela ba ya bari ya sa masa awo, tsohuwar riga yake aikawa a kwaikwaya. Duk da haka ta je ta gaya masa, ta dawo da amsarsa: shi ba za a auna shi ba sai ranar da za a yanka masa likkafani.

Bayan la'asar yana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinsa yana ɓare gyaɗar iri. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba. Ban san inda na samo muryar ba, na ji kawai na ce:

"Baba, ɗana ne. In ba a auna ka ba, shi za a kai Kano a buɗe masa kai."

Inna da ke bayana ta yi salati a hankali. A gidan nan ba a taɓa jin mace ta ce "ɗana" a gaban mahaifinta ba. Baba ya dube ni, ya dubi yaron da ke gefe yana jera ɓawon gyaɗa a layi, ya ci gaba da aikinsa. Na tashi na koma ɗaki ina ganin na zubar da mutuncina kuma ban samu komai ba.

Ranar da za mu koma, muna fitowa sai ga shi a zaure da farar babbar riga, ya riga mu shiri. Ya ce wa Inna, ba ni ba, dama yana da niyyar zuwa Birnin Kudu duba taki. Kowa kuwa ya san lokacin taki ya wuce.

A asibiti likita ya fara da yaron. Ya auna, ya duba idanunsa, ya sa shi ya yi tafiya, ya tambaye ni ko yana amai ko yawan barci, na ce a'a. Sannan ya juya ya gaishe da Baba da ladabi, ya nemi izini. Baba ya daɗe yana kallon awon nan. Daga baya ya yi bisimilla ya sa hannu biyu ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Na sunkuyar da kai, amma sai da na saci kallo. Furfura ce fara fat, ga faɗin goshi, ga tudun ƙeya, kan yarona sak, sai dai na tsoho.

Likita ya zagaya awon, ya duba, ya sake zagayawa, sai ya yi murmushi.

"Baba, ai jikan naka yaro ne a wajenka."

"To ka gaya masa," in ji Baba, yana harar yaron. "Ya ƙwace min mata, yanzu kuma kan nawa yake so."

Har ma'aikaciyar jinya da ke wurin sai da ta yi dariya. Ni kuwa jira nake.

Likita ya ce in zauna. Ya ce kan yaron bai ƙaru ba tun zuwanmu na farko, babu alamar ruwa ko ɗaya, ga kuma inda ya samo shi a zaune a gabanmu. Girman kai yana bin jini kamar tsawo, daga Baba zuwa ni, daga ni zuwa shi. Rashin maganar da ƙin kallon mutane kuwa, ya ce yana ganin abin da ake kira galahanga ne, wata lalura da ke shafar magana da cuɗanya da mutane. Wasu daga cikin irin yaran nan sukan zo da babban kai, kuma sau da yawa in an auna iyayensu ko kakanni sai a tarar haka suke, ko da su lafiyarsu ƙalau. Ba duk mai babban kai ne yake da ita ba, ga Baba nan shaida. Ya ce ba wani abu na ci ko na yi da cikinsa ba, kuma ba ciwo ne mai kisa ba, sai dai yaron zai buƙaci haƙuri da koyarwa a hankali, za su kuma ci gaba da duba shi.

Na ce, "Likita, ba za a yi masa aiki ba ke nan?"

"Babu aiki, Malama. Ki kwantar da hankalinki, ɗanki ba ya cikin haɗari."

Sai a lokacin kuka ya zo min. Na jawo yaron na rungume shi a gaban Baba, yana ta zillewa, ban damu ba. Baba ya mayar da hularsa ya gyara mata zama, ya ce wa likita, yana nuna ni da haɓa, wannan ita ce ta yi boko a cikin 'ya'yansa, kuma ga shi bai yi asara ba. Bai taɓa yabona ba kafin ranar, ban kuma sake jin ya yi ba har ya koma ga Allah.

Ban ce wahala ta ƙare a wannan sa'ar ba, renon irin yaron nan sai wanda ya yi. Amma a kan bencin asibitin nan na gane cewa kunya abu ne mai kyau har zuwa inda za ta rufe wa uwa baki a kan ɗanta. In an kai nan, a buɗe baki a yi magana, ko murya tana rawa. Ni tawa ta yi rawa, kuma an ji ni.