Aron Injin Feshi da Tambayar da Na Haɗiye

Akwai abubuwan da suka same ni waɗanda sai an tuna mini nake tunawa, akwai kuma wanda ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina ba zai bar raina ba. Shi ne abin da ya shiga tsakanina da wani dattijo abokin aikina a kan aron injin feshi, yau shekara takwas ke nan ko tara.

Lokacin ina koyarwa a firamaren wani ƙauye kusa da Danja. Malamin ƙauye a wajenmu manomi ne, da safe alli, da yamma fartanya. Ni tumatir nake nomawa da rani a wata 'yar fadama da na gada a bakin rafi, kuma da shi nake riƙe gida idan hatsin damina ya fara ja baya. In faɗi gaskiya, son kayan aikina ya yi mini yawa. Tocilata mai caji, sifanonina, lauje, kowanne da wurin ajiyarsa. Ba na hana aro, amma idan na ba mutum sai na bi shi da ido har ya sha kwana.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne injin feshi na goyo da na sayo a Funtua. Idan na gama aiki sai na wanke shi, na shanya, na naɗe shi da tsohon zanen maiɗakina, sannan na rataye. Malaman makarantarmu har suna suka sa masa, wai amarya. Doka ɗaya na kafa masa: ba a zuba masa maganin ciyawa, sai na ƙwari kawai. Duk manomin tumatir ya san dalili. Maganin kashe ciyawa yana maƙalewa a cikin tanki da tiyo, ɗauraya da ruwa ba ta fitar da shi, kuma ɗan abin da ya rage ya isa ya hallaka ƙananan shuka.

A cikin malamanmu akwai wanda muke ce wa Baba. Shi ya koyar da ni a aji uku, shi ya riƙe hannuna na fara rubutu da biro. Ko da muka zama abokan aiki ban taɓa iya zama a kujera yana tsaye ba. Wata rana a ƙarshen damina, an tashi tara muna zaune a gindin darbejiya, sai ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, injina ya tsage. Ara mini amaryar nan taka kwana biyu."

Na ce, "An gama, Baba."

Kowa ya zo aro sai na tambaye shi abin da zai fesa. Ranar ma tambayar ta zo har bakina, sai na ji nauyi na haɗiye ta. Yaya zan tsare mutumin da ya koya mini baƙi da tambaya a gaban mutane, kamar ina zargin bai san aikinsa ba?

Bayan kwana biyu ya dawo da shi da kansa a bayan keke, an goge shi sai ƙyalli yake, ga sandar rake biyu ya haɗo wa yara. Ya ce, "Ga ta nan, na ɗauraye maka ita tas." Na yi godiya har da rusunawa. Yana fita maiɗakina ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ka dai ji abin da ya zuba a ciki?"

"Ke, Baba zan tsare da tambaya?"

"To ka sa sabulu ka wanke mana, me zai ci maka?"

Na ce ai ya ce ya ɗauraye, in na sake wankewa kamar na ƙaryata shi ne. Yanzu idan na tuna wannan magana dariya take ba ni. Wa zai gaya masa na wanke? Amma haka na rataye injin, ina jin kaina mai ladabi.

A lokacin irin tumatir ɗina yana fangali huɗu inda nake renonsa kafin dashe, sati uku da tsirowa, kore shar. Ƙwari sun fara taɓa ganyen, don haka washegari da la'asar na haɗa maganin ƙwari na feshe su kaf. Kwana uku bayan nan na zo ban ruwa na tarar ganye ya nannaɗe, kawunan sun murɗe sun sunkuya ƙasa. Na ƙara ruwa, na yi musu inuwa da kara, ina yaudarar kaina wai rana ce. Maƙwabcina na fadama ya zo ya tsuguna, ya ciri ɗaya ya juya shi a hannu, ya ce, "Wannan ba rana ba ce, Malam. Maganin ciyawa ne. Wa ka ba injinka?" Na ce ba kowa.

Zama na yi a kan kunyar gona. Sake zuba iri yana nufin in makara da wata guda cur, kuma rafinmu ba ya jira. Da zafi ya shigo ruwansa yake janyewa, tumatir ɗin da ya makara yana cikin fure zai bushe. Noman ranin shekarar ne gaba ɗaya ke kwance a gabana. Na ji haushin Baba, ba zan ɓoye ba, amma haushin kaina ya fi yawa.

Na yanke shawarar ba zai taɓa ji daga bakina ba. A makaranta ina gaishe shi kamar kullum, sai dai ba na iya haɗa ido da shi. Wani malami ya nemi aron tocila na ce masa na daina ba da aro, da wata irin murya da ta sa kowa ya juyo ya dube ni.

Ranar Asabar da hantsi ina fadama ina tuge matattun, sai na ji ƙarar keke. Baba ne. Wai ya je gida aka ce ina nan, kuma, abin dariya abin tausayi, aron injin ya sake kawo shi, akwai gefen da bai gama ba. Bai ƙarasa maganar ba idonsa ya faɗa kan fangalin. Ya jingine keken, ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Mutumin da ya shekara arba'in yana noma ba sai an yi masa bayani ba.

"Da injin da na dawo da shi ka fesa?"

Na ce, "Baba, ƙaddara ce."

"Ban tambaye ka ƙaddara ba. Da shi ka fesa?"

Na sunkuyar da kai. Ya yi salati a hankali, ya ce shi masara da dawa ya sani, injinsa ɗaya ne tun fil azal, kome yake zuba masa ya ɗauraye, bai taɓa kawo wa ransa tumatir ba ya ɗaukar haka. Daga nan ya hau kekensa ya tafi. Na ɗauka fushi ya yi.

Ashe yawo ya shiga. Masu noman rani kan zuba iri fiye da bukatarsu, idan sun gama dashe sai ragowa ta saura a fangali. Neman wannan ragowar aikin matasa ne da masu ƙaramin ƙarfi, ba na dattijo mai furfura ba. Amma Baba ya ɗauki jiƙaƙƙen buhu ya bi fadamu ɗaya bayan ɗaya, kuma duk inda ya je sai ya faɗi abin da ya faru da bakinsa: "Ni na kashe wa yaron nan iri, ku taimake ni." Wasu ɗalibansa ne na da, suka riƙa rantsuwa ba zai tsuguna ba, su za su cira. Wani tsohon ɗalibinsa a Tsiga da labari ya kai masa, a kan babur ya aiko da nasa.

Litinin bayan an tashi daga makaranta na tarar da damman dashe a inuwar mangwaron fadamata, an lulluɓe su da danyen ganye, Baba na zaune a gefe ƙafafunsa duk taɓo. Hawaye suka zubo mini, ban iya tare su ba. Na ce, "Baba, don Allah me ya kai ka? Ai da ka bar ni da abina."

Ya ce, "Kai ka kai ni. Da ka tambaye ni ran nan a gindin darbejiya, kunyar minti ɗaya zan ji, in ma na ji. Ka yi shiru wai kana girmama ni, ga shi ka sa na zagaye fadamun ƙasar nan ina roƙo da furfurata." Sai ya yi murmushi ya miƙo mini dami ɗaya. "Tashi mu dasa kafin su yi yaushi."

Mun dasa har rana ta yi ja, washegari malamai uku suka zo suka taya mu ƙarasawa. Gonar da ta fito a shekarar ba a taɓa ganin irinta ba a bakin rafin nan. Iri ya kai kala biyar, wani dogo, wani kewayayye, wannan layin ya nuna wancan yana fure. Masu wucewa har tsayawa suke su yi dariya. Amma ta yi, kafin ruwa ya janye na kwashe abin da ya riƙe gidana har saukar damina. Kwandon farko gidan Baba na kai, ya karɓa ya ce a yi masa miya da dogayen, su ne na Tsiga.

Na ci gaba da ba da aro, har na fi da sakin hannu. Abin da ya canza shi ne bakina. Yau ko hakimi ne ya aiko, sai na gaishe shi da ladabi sannan na ce me za a fesa, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Abin da na koya shi ne, ba kowane shiru ne ladabi ba. Wani shirun kanka kawai kake karewa daga jin nauyi, wahalarsa kuma ta faɗa kan mutumin da kake cewa kana girmamawa. Idan kana ganin girman mutum da gaske, ka yarda zai iya ɗaukar tambaya.