Makirufon da Baba Jibo Ya Ce Ya Mutu

Cikin duk ranakun da na yi a aikin bidiyo, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da muka je ɗaukar biki a Auna. A farkon shekarun 1990 ne, ina ɗalibi a kwaleji a nan Kontagora, ranakun Asabar da Lahadi kuma ina aiki a shagon Oga Ɗanlami. Shi ke saɓa kyamara a kafaɗa, ni kuma sauti ne aikina.

Ku da kuka zo yanzu ba ku san wahalar kyamarar da ba. Makirufon da ke jikinta ba ya zaɓe: iska, janareta, numfashin Oga, duk ɗauka yake yi, ya bar maganar mutane can nesa kamar daga cikin rijiya. Muna da wani dogon makirufo mai kyau a shago, amma babu wurin ɗaura shi. Sai na cire maƙalin ƙararrawar keke, na kai wa mai walda ya haɗa shi da ɗan faifan ƙarfe, na goge faifan har ya shiga mazaunin fitila da ke saman kyamara. Na naɗe makirufon da robar tayar keke don kada ya ɗauki girgiza, na sauya masa kan waya da dalma. Oga ya juya shi ya ce, "Ustaz, wannan kyamara ce ko bindiga?" Ustaz yake ce mini saboda shiruna da yawan karatu.

Bayan ɗaurin aure aka shimfiɗa wa manya tabarmi a rumfa. Oga ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ta fuskanci rumfar, ya kunna, ya ce kada in taɓa jan maɓalli har ya dawo daga cin abinci. Na tsaya a baya da abin sauraro a kunne.

Sai ga Baba Jibo, yayan mahaifin ango, dattijo mai son a san ya iso. Ya ga makirufo, ya matso ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Halo, halo. Assalamu alaikum jama'a."

Kunnena ya kusa fashewa, amma shi bai ji komai ba. A saninsa, makirufo sai da lasifika. Ya hura shi, ya sake ƙwanƙwasawa, ya ce, "Yaro, abin nan naku ya mutu."

Na buɗe baki in yi bayani, kunya ta hana. Yaya zan ce wa dattijo bai gane ba a gaban mutane? Ya zauna daf da kyamara, shi da amininsa, suka soma.

"Ka ga hular Alhaji Mamman?" in ji Baba Jibo. Alhaji Mamman shi ne uban amarya. "Ta aro ce. A kan ƙaninsa na gan ta ranar Juma'a. Dubi yadda ta sauko masa har kunne."

"Kai Jibo, ka ji tsoron Allah."

"Naman nan fa? Wannan saniya ta girme ni. Da ƙafarta ta zo tun daga garin Bobi, a hanya ta cika."

Yana magana yana ɗaga hannuwa, yana shafa gemu, fuskarsa a natse kamar mai wa'azi. Ni kuwa gumi nake yi, ina danne dariya har cikina ya ƙulle.

Al'adar lokacin, washegari da la'asar ake kai kaset, a fito da talabijin tsakar gida, dangin ango da na amarya su kalla tare. Da safe muka kunna a shago. Muryar Baba Jibo ta fito tar, ban taɓa ɗaukar sauti mai kyawunta ba. Oga ya dafe kai.

"Ustaz, ka kashe mu. In Alhaji Mamman ya ji maganar hular nan, surukai za su watse tun amarya ba ta gama zama ba."

Yanke wurin ba zai yiwu ba, don a daidai lokacin manyan baƙi ke isowa a bayansa, kowa kuma zai nemi fuskarsa. Sai muka haɗa na'urorin bidiyo biyu muka kwafe hoton, na ɗora kiɗan goge a kan wurin, daga "halo" har zuwa saniya.

Da la'asar aka kunna. Ga Baba Jibo ya cika talabijin, baki na motsi, hannu na tashi, goge na tafiya. Alhaji Mamman, da hular a kansa, ya juyo.

"Yaya Jibo, me kake faɗa ne haka da himma?"

Baba Jibo ya kalli talabijin, ya kalle ni. Na sunkuyar da kai.

"Addu'a nake yi wa yaran nan," in ji shi.

"Allahu akbar! Amin, amin," in ji Alhaji Mamman, ya kama hannunsa ya riƙe. Mata suka rangaɗa guɗa.

Muna naɗe waya Baba Jibo ya same ni a zaure, ya rage murya.

"Ɗana, abin nan naka yana ji?"

"Yana ji, Baba."

"Duka?"

"Har saniya, Baba."

Ya daɗe yana kallon maƙalin ƙararrawar, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya wuce.

A ranar na gane cewa aikinmu ba ɗauka kawai ba ne. Dole ka san abin da za ka rufe wa mutane, don gobe ma tare za su zauna. Shi ma Baba Jibo ya ɗauki nasa darasin. Tun daga ranar, duk bikin da ya hango makirufona a saman kyamara, sai ya gyara zama, ya ɗaga hannuwa, ya yi ta addu'a da ƙarfi har sai mun juya ta wani gefen.