Garin da Ya Sauko da Sunansa

Ladan bai gama gyaran murya ba muka fita daga Tudun Wada ta Minna, ni da 'yar ƙanwata da direban ofishinsu. Ita ilimin duwatsu ta karanta. Aikinta tattara tsofaffin taswirorin da Turawa masu haƙar zinariya suka bari, ta gwada su da na zamani, a gane inda ya cancanci a tona. Ni kuwa da boko ya sallama tun aji huɗu, an ɗauke ni masanin hanya, muƙamin da na daɗe ina jira.

Hanyar Gwada dai, Allah ya ba ƙugu haƙuri. A kasuwa muka karya da soyayyiyar doya da yaji, arha har na tausaya wa masu saye a Kasuwar Kure ta garinmu.

Ƙauyen da muke nema na san shi, can nake sarin doya a da. Na kai su bakin titi, na ce, "Ga garinku." Taswira ta ce tsohon ramin zinariya yana gabas da gari, dab da shi. Gabas da gari kuwa gonar wani dattijo ce, kunyoyin doya reras. Ya fito da garma a kafaɗa, jiki a sanyaye, don tuni wasu daga ofishin suka kafa masa turakun alamar wurin da za a tona.

Ya ce da ita, "Hajiya, nan za a tona? Wannan gona shi ne abincin gidana."

Na gyara hula zan yi masa wa'azin ƙaddara, ta ce, "Kawu, dakata." Ta shimfiɗa taswirar a kan mota, ta dube ta, ta dubi gari.

"A takarda garin yana kan dutse, rafi a bayansa. Baba, nan kakanninku suka zauna?"

"A'a, can sama. Da aka yi titi muka sauko."

Ashe sun sauko har da sunan garin, kamar yadda ake ɗauko turmi. Masu turaku sunan garin kawai suka bi.

Muka hau kufai. Na ce muka, amma ni a tsakiyar hanya na tsaya ina tsare musu inuwa. Ta sauko gyale duk ƙaya, ta ce ta ga ramin, ciyawa ta rufe shi, ba gonar kowa a kusa. Dattijon nan ya nufi gonarsa. Ya bi turakun ya tuge, ya ɗaure su, ya miƙa wa direba da hannu biyu.

Kafin la'asar muna Minna, don hanyar nan ba a yi mata yamma. Darasin da na ɗauko shi ne, kafin ka gaskata takarda, tambayi mutanen gari ko sun taɓa tashi. Haka na faɗa wa 'yan majalisarmu a ƙofar masallaci, kamar ni na gano. Ba wanda ya musa, ita kuma ba ta nan.