Shugabanmu a bakin ruwa

Lokacin da nake dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, shugabanmu wani dattijo ne Bahaushen Sudan. Baba muke ce masa. Shi ke raba mana aiki, shi ke magana da kafili, wato ubangidan da ya tsaya mana, a madadinmu, don Larabcinsa ya fi na kowa. Yawancinmu a unguwar Sa'alaba muke zaune, kuma ba kowa ne ke da iƙama ba, wato takardar izinin zama.

A cikin wata guda 'yan sanda suka shigo unguwar har sau biyu suka tafi da mutanenmu. Ba su yi lalube ba, ƙofofin da suke nema kawai suka buga. Daga nan muka daina sakin baki da juna. Wani ya tuna cewa duk ranar da aka zo, Baba ba ya nan. Wani kuma ya ce ai kullum da azahar yana zama da wani Bahabashe Kirista mai dafa wa ofis abinci, to me suke tattaunawa?

Rannan na kai wa Baba shayi na tarar da su a inuwar sito, sai na zauna. Labarin Annabi Yusha'u suke yi. Bahabashen ya ce a littafinsu, Annabi Musa ya aike shi da wasu su leƙo ƙasar da za a shiga. Duk suka dawo a tsorace, sai shi da mutum ɗaya suka ce a shiga, har jama'a suka so jifansu. Daga baya shi ne ya ja su zuwa yaƙi. Baba ya ce mu ma mun ji haka a tafsiri, amma shi abin da ke ba shi mamaki, yadda Annabi Yusha'u ya ci gaba da zama da mutanen da suka ɗaukar masa dutse.

Da na ba abokan aiki labari, wani ya girgiza kai ya ce duk labaran annabawa, sai na leƙen asiri suka zaɓa. Ni kaina ban san abin da zan ɗauka ba. Muka rage gaida Baba. Ya kuma lura.

Bayan aikin hajji kafili ya zo da kansa muna sauke buhunan shinkafa. Ya ce an matsa masa, Baba ya ware masa marasa takarda a gaban kowa. Muka tsaya da buhu a kafaɗa.

"Ya ammi, ni kaya nake rabawa," in ji Baba. "Mutane kuwa ba zan nuna maka ko ɗaya ba."

Kafili ya ce to halas, shi ke nan, Baba ya bar masa aikinsa. Baba ya ɗauki mayafinsa ya fita, bai waiwayo ba.

Ko a hakan wasu cewa suka yi shiri ne tsakaninsu. Sai da muka ga Baba yana tura kurar ruwa a unguwar Ammariyya, da tsufansa, sannan bakuna suka mutu. Na je na gaishe shi, ya tambaye ni mutane ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka fi zaginsa.

An sake kame a unguwar bayan tafiyarsa. Har na bar tashar ba mu san wanda yake kai sunayenmu ba.