Jarkar da Ba a Direwa Ƙasa

Dogon hutu ne, zamanin soja, lokacin da asibiti sai dai a rubuta maka takarda ka je ka nemi magani inda ka ga dama. Abokan koyarwata a Makarfi kowa ya kama gonarsa, ni kuwa hutuna a yawon rijiyoyi ya ƙare. Idon Inna, mahaifiyata, ke rufewa a hankali, har ta kai sai ta shafa fuskar jikokinta take gane su. Na ɗebo mata ruwan wani marmaro a bayan Ikara da ake cewa yana maganin ciwon ido, na ɗebo na wata ƙorama, duk shiru. Na gaji tiɓis, takalmina ma ya cinye.

Sai aka ce akwai tsohuwar rijiya a wani ƙauyen Kudan, wadda wani malami ya haƙa tun kaka da kakanni. Na iske layi, har da matan Kirista da robobinsu. Dattijon da ke kula da ita ya cika mini jarka, ya ce, "Malam, sharaɗi ɗaya ne. Kada ta taɓa ƙasa sai a gaban mai ciwon."

Na rungumo ta a cinya cikin a-kori-kura, ƙafata har ta yi tsami. Dab da Makarfi muka tarar da shingen sojoji, aka ce kowa ya sauko, hannu sama. Na buɗe baki zan yi bayani, ɗayansu ya dube ni, ya dubi bulalarsa. Na dire jarkar a kan kwalta.

Komawa Kudan kuwa, ana wahalar mai, mota sai wata kasuwar. Gaskiya ma ƙarfina ne ya ƙare. Na ce wa raina ruwa ai ruwa ne, na wuce gida Ikara.

Inna ta lalubi jarkar da hannu biyu. "Ba ta dai taɓa ƙasa ba ko, ɗan nan?"

"Ba ta taɓa ba, Inna."

Kwana bakwai tana wanke ido safe da yamma, da bisimillarta. Ranar da ruwan ya ƙare, idon bai buɗe ba, ta juya fuska wajen ƙofa. Sai ta ce, "Kai ka yi naka, Allah ya yi maka albarka. Ni ce dai yaƙinina bai kai ba."

Maganar nan har yau tana cina. Daga ranar ta ƙara azumi da nafila, tana neman gafarar laifin da ba nata ba. Shekara biyu ta yi a haka kafin ta rasu, ni nake miƙa mata ruwan buɗa-baki, kuma ban taɓa faɗa mata ba.