Ƙullin da Aka Gani a Hantar Malam

Mijina hatsi yake saye a kasuwannin Rogo ya kawo Karaye ya sayar. Malam nake ce masa. Mutum ne mai jiki, mai son tuwo da man shanu, shi ya sa da na ga yana ture kwano tun bai ci rabi ba, hankalina ya tashi. Sai kuma ya fara dafe gefen cikinsa na dama duk sanda zai hau babur. Ya ce min gyambon ciki ne. Ƙanwarsa ta aiko da jiƙo daga Yammedi, ta ce ciwon shawara ne. Ya sha, amma wandunansa suka ci gaba da yi masa yawa.

Da ƙyar ya yarda muka je asibiti a nan garin, aka ce a yi masa hoton ciki. Mai ɗaukar hoton ita ta duba ni lokacin da nake da cikin autanmu, kuma na san ta da surutu. Ta shafa masa wani abu mai santsi, ta ɗora na'urar a ƙasan haƙarƙarinsa tana tsokanarsa wai ko shi ma juna biyu gare shi. Can sai ta bar tsokanar. Ta ce ya ja numfashi ya riƙe. Ta zagaya, ta sake dawowa wuri ɗaya.

Na ce, "Sista, me kika gani?"

Ta ce, "Akwai ƙulli a hantarsa, Hajiya. Amma ba ni zan faɗa miki ko mene ne ba. Ku tafi Kano."

Malam ya hana ni gaya wa kowa. Kafin ranar ganin likita ta zo, na sha ɗora miya in manta gishiri. In yana alwala sai in tsaya a bakin ɗaki ina leƙen idonsa, ko farin ya fara komawa rawaya. Shi kuwa rediyonsa yake ta ji kamar babu komai.

Likitan Kano dattijo ne mai magana a hankali. Da ya kwantar da Malam ya ɗora masa na'urar hoto, sai ya juyo da allon yadda ni ma zan gani. Ban ga komai ba sai toka-toka mai motsi.

Ya ce, "Ƙulli a hanta ba iri ɗaya ba ne. Wani tarin jijiyoyin jini ne kawai, yakan fito fari a hoto, ba ya cutarwa. Wani ciwon daji ne da ya taso daga wani wuri, kamar hanji. Shi yawanci da yawa yake zuwa, kowanne da baƙin zobe. Sai kuma dajin da a hantar ya tsiro."

Na ce, "To na Malam wanne ne?"

Ya nuna min wani dunƙule da yatsa. Ina ta roƙon Allah ya sa fari ne, amma ba fari ba ne. Ya danna maɓalli, ja da shuɗi suka fara walƙiya a cikinsa. Ya ce jini ke nan yake shiga. Ya daɗe yana bin hantar lungu-lungu yana neman wani. Na nemi kujera na zauna.

"Guda ɗaya na gani," in ji shi. "Na fi zaton a nan ya tsiro. Amma wannan na'urar ba ta yanke hukunci ita kaɗai, sai an yi gwajin jini da babban hoto."

Malam ya gyara rigarsa ya ce, "Likita, kaka ta kusa. Zan iya fita sayen hatsi?"

Likitan ya ce, "Bana dai a haƙura, Malam."

Gwaje-gwajen suka tabbatar da zatonsa. Ashe tun yana yaro yake ɗauke da ƙwayar ciwon hanta bai sani ba. Da yake ƙullin ƙarami ne, aka yi aiki aka cire shi. Aka kuma ce in kawo yara duka a gwada mu. Ni da sauran ba mu da ƙwayar, sai babbar 'yarmu.

Malam ya koma kasuwa, ko da yake ba ya ɗaga buhu. An gaya mana abin yana iya dawowa, don haka lokaci-lokaci muna komawa hoto, shi da yarinyar tare. Ita har yanzu ba ta san sunan ciwon da aka cire wa babanta ba. Malam ya ce in bari ta gama jarrabawa, ni kuma ina ta neman yadda zan fara mata maganar.